Shekarar da Bayotin Ya Kusa Rufe Mini Lab

Ku ɗaliban da ake turo mana koyon aiki, kwana biyu kacal kuke yi a lab sai ku yanke hukunci. Kun ga an ɗebi jini, an saka a inji, an danna maɓalli, takarda ta fito. Jiya ma na ji ɗayanku a bakin famfo yana ce wa ɗan'uwansa, "Wai dama shi ke nan aikin?" Kunnena ƙalau yake, na ji. Sunana Rabi, amma a garin Daura in kun ce Rabi kawai za a tambaye ku wacce, sai kun ce Rabi ta lab. Na haura shekara talatin a wannan sana'a. Tunda yau babu layi, ku jawo kujeru in ba ku labari.

Ban fara da jinin mutane ba, da na shanu na fara. Ina gama makaranta aka ɗauke ni a wani aikin bincike kan ciwon da ke sa shanu ɓari, wanda makiyaya ke kira bakkale. Mutum ma yana ɗauka idan ya sha madarar da ba a tafasa ba, ya yi ta zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi ana ta ɗura masa maganin sauro a banza. Mai kula da ɗakin gwajin shi ne Malam Haladu, mutumin Baure, siriri, mai tabarau da ya ɗaure ƙafarsa guda da zare. Ranar da na fara, na shigo da farar riga sabuwa dal da takardar shaidata a hannu. Bai ko kalli takardar ba. Ya miƙo mini fifet, wato wannan abin mai kama da biro da muke zuƙo ruwa ɗan mitsitsi da shi, ya ajiye mini kofin ruwa da ma'auni.

"Ɗebo ɗigo ki auna," in ji shi. "Ki sake ɗebowa ki auna. Ranar da goma a jere suka zo daidai, ki kira ni."

Wata guda cur ina ɗiban ruwan famfo. Babban yatsana ya yi kanta. A gida ana tambayata ko na fara ganin ƙwayoyin cuta, ina cewa ana nan ana shiri. Ku kuwa ranar farko kuke son a ba ku hannun mutum ku soka.

Ɗiban jinin a ruga muke yi, da sassafe kafin a saki shanu. Akwai wani Arɗo Buba a wajen Baure, mai garke babba, wanda shanunsa suka yi ta ɓari a shekarar. Ya yarda mu ɗiba, amma yana tsaye a kanmu da sandarsa a wuya, yana ƙirga kwalabe da ido. Da muka gama ya ce, "Malam, wanda ya ragu in kun gama dubawa, za ku dawo musu da shi?" Malam Haladu ya ce a'a, amma zai dawo da amsa. Arɗo ya ce to amsar ta zama ta gaskiya, don 'ya'yansa da jikokinsa nonon shanun nan suke sha.

A kan hanyar dawowa, a bayan mota, kular ƙanƙara mai kwalaben jinin tana tsakanin ƙafafunmu, Malam ya yi mini bayanin abin da za mu yi da jinin. Ya ce idan baƙon abu ya shiga jikin mutum ko dabba, jikin yana ƙera wani abu da ake kira antibodi. Kowane antibodi abu ɗaya tak ya sani, shi yake nema, shi yake kamawa. Saniyar da ta kamu da bakkale, antibodin bakkale na nan a jininta, kuma shi muke farauta. To amma ido ba ya ganinsa. Saboda haka sai mu tura wani antibodin na biyu ya je ya kama na saniyar, shi kuma an ɗaura masa alama a wutsiya. Alamar ita ce bayotin, wani ɗan bitamin da ke cikin gwaiduwar ƙwai da hanta da gyaɗa. Daga nan sai mu zuba abu na ƙarshe, wanda ake samowa daga farin ƙwai, sunansa abidin. Shi aikinsa ke nan a duniya, ya ga bayotin ya cafke, kuma yana ɗauke da abin da ke rina ruwa shuɗi.

Malam Haladu bai taɓa kiransa abidin kawai ba, sai dai Malam Abidin. "Malam Abidin in ya riƙe bayotin," in ji shi, "ko da sanda aka zo ba ya saki."

Ana yin aikin ne a wani farantin roba mai ƙananan ramuka casa'in da shida, kowace saniya da raminta. Ramin da ya yi shuɗi, akwai ciwo. Wanda ya zauna fari, lafiya. Tsakanin kowane mataki sai an wanke farantin sau uku, an kife shi a kan takarda an bubbuga, an saita agogon ƙararrawa an jira. Yini guda ake yi a kai.

Ranar da na yi farantin Arɗo Buba ba zan manta da ita ba. Malam ya tafi taro Katsina, ya bar mini aikin, karo na farko ni kaɗai. Akwai wata farar hoda da muke damawa a ruwan da ake sirka sinadaran da shi, don kada su manne inda bai kamata ba. Na buɗe kwalba na tarar ta ƙare, sai ɗan abin da ya maƙale a gindi. Na tuna wata ƙawata ta makaranta ta ce su a nasu lab ɗin madarar gari suke sawa. Na leƙa shagon bakin titi na sayo ƙulli ɗaya, na dama, na ci gaba da aikina ina jin kaina wata babbar masaniya. Da la'asar na zuba ruwan rini na zauna ina kallo. Faranti ya zauna fari tas, ko rami ɗaya bai canza ba. Na rubuta sakamako da kyakkyawan rubutu na ja layi a ƙasa.

Malam na shigowa na tare shi a ƙofa. "Malam, albishirinka."

"Goro."

"Shanun Arɗo Buba duk lafiyarsu ƙalau."

Ya ajiye jaka, ya ɗauki farantin ya ɗaga shi saitin taga. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya nuna ramin kusurwa da farcensa. "Wannan fa, me kika zuba a ciki?"

"Jinin saniyar nan da muka tabbatar tana da ciwon, wanda muke sawa kullum don shaida."

"To ita ma ta warke ke nan? A cikin firij?"

Nan na gane gwajin ne bai yi aiki ba. Ya sa na faɗa masa duk abin da na yi tun daga safe, mataki mataki. Da na zo kan madara sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Bai yi faɗa ba. Ya ce gobe in zo da ragowar madarar, da ɗanyen ƙwai, da kunun gyaɗa, da yankan hanta daga wajen mahauci.

Washegari ya buɗe firizar ya lalubo wata 'yar kwalba daga can ƙurya, ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba. Ya riƙe ta kamar ƙwai. Ya ce wannan antibodi ne da ba ya neman komai sai bayotin shi kansa, kuma a jikin akuya aka yi shi, a ƙasar waje. Aka yi wa akuyar allura, jikinta ya ƙera, aka tace daga jininta.

Na ce, "Malam, duk awakin da ke garin nan, sai an aiko mana da na Turai?"

Ya ce, "Awakin garin nan suna da aikin yi, suna cin kwali."

Gwajin nan a juye yake, ku saurara da kyau. An riga an shafe gindin ramukan da bayotin. Sai a zuba abin da ake tuhuma tare da antibodin akuyar. Idan babu bayotin a cikinsa, antibodin zai sauka ya kama na gindin, ramin ya yi shuɗi. Idan kuwa cike yake da bayotin, antibodin zai shagala da wanda ke yawo a ruwan, a wanke su tare, ramin ya zauna fari. Wato a nan fari shi ne mai laifi. Muka zuba ruwa zalla a rami ɗaya, ya yi shuɗi kamar an rina. Ramin hanta fari, na gwaiduwa fari, na kunun gyaɗa dishi-dishi. Na madarata ma ya zauna fari.

"Kin gani," in ji Malam. "Kin cika wa Malam Abidin hannu da bayotin ɗin madara tun kafin ya isa inda aka aike shi. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, su nasu gwajin babu ruwansa da bayotin. Naki da shi aka gina shi."

Da hodar kirki ta iso muka sake farantin. Shanu shida suka yi shuɗi. Ni Malam ya sa na gaya wa Arɗo da bakina, na kuma ce a riƙa tafasa madara kafin a ba yara. Arɗo ya ce a nuna masa shidan. Da aka nuna, ya gyaɗa kai ya ce biyar daga ciki dama yana zarginsu.

Aikin binciken ya ƙare, na yi shekaru a asibiti ina duba jini da fitsari, daga baya na buɗe wannan lab ɗin nawa. Masu zuwa iri-iri ne. Akwai masu shirin aure da ke zuwa gwajin jini, kowa na satar kallon takardar ɗan'uwansa. Akwai mutanen da ke tsallakowa ta kan iyakar Kongolam da takardar likita da Faransanci, mu taru muna hasashen abin da aka rubuta. Akwai dattawan da ke son a faɗa musu sakamako kafin a cire allurar. Na sa sola saboda firij, don sinadaran nan ba su san uzurin ɗauke wuta ba. Daga ƙarshe na sayi wancan injin da kuke rainawa, mai gwada sinadaran jiki. Da shi mutane suka huta da zuwa Katsina ko Kano don gwaji ɗaya. Shekara biyu yana aiki babu ko tari.

Sai shekarar da nake son ba ku labari ta zo. Akwai wani likita mai asibitin kansa a nan gari, Dakta Nasiru, matashi ne mai ƙoƙari, yawancin masu gwajin tayirod shi ke turo mini su. Tayirod wani ɗan nama ne a gindin wuya, wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Shi ke saita saurin jiki. In ya yi yawan aiki mutum ya rame, zuciya ta yi ta bugawa, hannu na rawa. In ya yi sanyi mutum ya yi nauyi, ya yi ta jin barci da ɗari.

Ya turo mini wata Hajiya Lami, 'yar kasuwa, mai saro atamfa da turare da kayan kwalliya ta Kongolam. Tun bayan haihuwarta ta ƙarshe take jin kasala, gashinta kuma yana zuba. Mace ce mai jiki, mai fara'a, ta cika lab da hira. Kafin in ɗebi jinin na yi mata tambayar da nake yi wa kowa. "Hajiya, kina shan wani magani?"

"Ko fanadol ba na sha, Malama."

Takarda ta fito ta nuna tayirod ɗinta yana gudu kamar an kora shi. Na kalli takardar na kalli matar. Ba ta yi kama da mai wannan ciwo ba. Na sake sa jinin, amsa ɗaya. Na sa ruwan shaida da kamfani ke haɗowa da shi, ya fito daidai. Na sa hannu na ba ta. Likita ya ɗora ta a kan maganin da ke rage wa tayirod gudu. Bayan makonni ta dawo, lambobin ba su motsa ba, ya ƙara mata yawan maganin. A tsakanin nan wasu mata uku suka zo, su ma takardunsu iri ɗaya sak, su ma babu wadda ta yi kama da mai ciwon.

Hajiya Lami ta fara kumbura a fuska, tana barci a zaune a shagonta. Hankalin likita bai kwanta ba, ya aika jininta wani lab a Kano. Amsar ta dawo akasin tawa. Tayirod ɗinta ba gudu yake ba, maganin ma ya danne shi har ya kusa tsayawa. Ya tsayar da maganin nan take, ya kira ni a waya.

"Anti, da girmanki, amma ba zan iya sake turo miki kowa ba sai kin gyara injin nan. Na kusa illata mace saboda takardarki."

Me zan ce? Gaskiyarsa ce. Na kira injiniya daga Kano, ya zo ya kwance injin ya mayar, ya gwada shi ta kowace fuska, ya ce, "Anti, injin nan ya fi ni lafiya." Na zubar da sinadaran na sayo sababbi. Na canza ruwa, na canza kwalabe, na koma kan ma'auni ina auna ɗigon fifet kamar sabuwar shiga. Komai daidai. Magana kuwa ta riga ta zaga gari. A gidan suna, a gidan biki, ana cewa lab ɗin Rabi yana ba mutum ciwon da ba shi da shi. Har masu gwajin zazzaɓi suka ɗauke ƙafa. Bencin jira ya zama wurin barcin kyanwar maƙwabta. Na fara tambayar wanda zai sayi injin. Abu ɗaya da ban bari ba shi ne ɗabi'ar Malam Haladu, Allah ya jiƙansa: duk jinin da ya ba ni mamaki, ina ajiye ragowarsa a firiza da suna da rana.

Wata ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, sai ga Hajiya Lami da rigar sanyi a ƙarƙashin mayafi. Ta tsaya a ƙofa tana haki.

"Na zo in ga matar da ta kusa kashe ni," in ji ta.

Na ce, "Ga ni, Hajiya. Shigo ki zauna, kya fi jin daɗin faɗan."

Ta zauna, na ba ta ruwa, ta faɗi duk abin da ke bakinta, ban katse ta ba. Da ta gaji, ganin babu namiji a wurin, ta zame ɗankwali don ta sake ɗaurawa. Sai ga gashi ya zubo, baƙi wuluk, mai yawa, har kafaɗa.

"Masha Allah," na ce. "Hajiya, ba ke kika ce gashi na zuba ba?"

Nan take fuskarta ta saki. "Ai shi kaɗai ne abin da ya yi kyau a shekarar nan. Bari ki gani." Ta zuge jaka ta fito da wata roba mai ruwan hoda, cike da wasu abubuwa masu taushi kamar alewar yara. "Biyu ake ci a rana. Ni huɗu nake ci, don ya yi sauri."

Na juya robar. A gaba, da manyan haruffa, an rubuta bayotin, da lamba mai jerin sifiri a gefensa. Na zauna a kan kujerar ɗiban jini, don ita ce kusa da ni.

"Tun yaushe kike ci?"

"Tun kafin in fara zuwa nan."

"Hajiya, na tambaye ki ko kina shan wani abu."

"Magani kika ce, Malama. Wannan alewa ce. Kayan gyara ne."

Na buɗe kwalin sinadaran injina, na zaro takardar nan da ake naɗewa kamar laya, mai rubutu ƙanana da babu mai karantawa. Ni ma ban taɓa kai ƙarshenta ba, kuma wannan laifina ne, ba na kowa ba. A can ƙasa aka rubuta cewa injin da bayotin yake aiki, da wani ɗan'uwan abidin, kuma jinin mai shan bayotin da yawa yana iya rikita amsa. Na Kano wata hanya daban yake bi, shi ya sa alewar ba ta dame shi ba. Abin da madarata ta yi wa farantin shanu, shi alewar Hajiya ke yi wa injina.

Na kira likita ina murna. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Anti, alewa?" A muryarsa na ji yana ganin tsohuwa ce ke neman inda za ta rataya laifi. Ban ji haushi ba. Na ce ya ba ni mako guda.

Ina da tsohuwar abokiyar aiki tun zamanin shanu, tana wani ɗakin bincike a jami'a. Na roƙe ta ɗigo kaɗan na antibodin bayotin da 'yan ramukan da aka riga aka shafe. Ta zuba a ƙaramar kwalba, ta sa a fulas ɗin shayi da ƙanƙara, ta ba direban mota a tasha. Sau huɗu ina kiran direban nan a hanya ina cewa kada ya ajiye fulas ɗin a rana. A kira na huɗu ya ce, "Hajiya, wallahi a cinyata yake, ko matata ban taɓa riƙewa haka ba."

Ranar gwajin na ce likita ya zo da kansa, kuma ya nannaɗe hannun riga. Na ɗebi jininsa, na sa aka ɗebi nawa. Na fito da ragowar jinin matan huɗu daga firiza na bari ya narke. Na jera ramuka: ruwa zalla, nawa, nasa, sannan nasu. Na yi masa bayanin cewa a wannan gwaji fari ne mai laifi. Muka saita agogo muka zauna. Ya fito da gyaɗa daga aljihu yana ci don rage jira, na ce ya ci a hankali, kada ya ɓata mana lissafi in an sake ɗiba. Bai yi dariya ba. Na wanke, na kife, na bubbuga, na zuba ruwan rini.

Ramin ruwa ya fara, shuɗi ya taso a hankali. Nawa ya bi, nasa ya bi. Ramuka huɗun nan suka zauna kamar ruwan randa. Likita ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa farantin. Ya ɗago ya ce, "A sake." Na sake, don ni ma haka zan ce. Amsa ɗaya.

Hajiya Lami ta ajiye alewa mako guda, bisa dole, tana mita. Na sake ɗibar jininta na sa a injina, lambobin suka zo kusa da na Kano. Likita ya kira sauran matan uku ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su. Duka ukun suna ci. Ya ce a ina suke samu. Duka ukun suka ce wajen Hajiya Lami. Ita ce ke sarowa.

Da aka gaya mata ta riƙe baki. Sannan ta ce, "Wato ni na kusa kashe kaina, na zo ina zagin baiwar Allah." Ta ɗauki waya a gabana ta yi saƙon murya zuwa zauren matan da ke sayen kayanta. Ta ce musu alewa ba guba ba ce, amma duk wadda za a ɗebi jininta ta ajiye ta mako guda, kuma ta faɗa wa mai lab. Ta rufe da cewa, "Kada ku ɓoye wa Rabi komai, matar nan a jini take gani." Wannan saƙo ya fi duk wani allon talla da na taɓa kafawa aiki. Cikin 'yan watanni kumburin fuskarta ya saɓe, ta ajiye rigar sanyi. Kasalar da ta fara kai ta asibiti ashe ƙarancin jini ne, aka ba ta maganinsa.

Dakta Nasiru bai ba da haƙuri ta waya ba. Ya zo da safe lokacin da mutane ke kan benci, ya tsaya a tsakiyar lab ya ce, "Anti, ki yafe ni. Ni ma magani na tambaye ta, ban tambayi alewa ba." Na ce komai ya wuce, ya dai bar cin gyaɗa a ɗakin gwaji.

Tun daga lokacin na canza tambayata, kuma ita nake so ku koya kafin ku taɓa maɓallin injin nan. Ba na cewa kana shan magani. Cewa nake, me kake ci ko sha don gashi, ko fata, ko farce, ko ƙarin kuzari, ko da alewa ce, ko da shayi ne. Kuma kowa nake yi wa, ba na zaɓe.

Watan jiya wani dillalin shanu daga Sandamu ya zo, ƙato, da babbar riga da hula ƙube, muryarsa na cika ɗaki. Likita ya turo shi gwajin tayirod. Na ɗaura masa igiya a dantse na yi masa tambayar. Ya ce shi namiji ne, me zai yi da irin waɗannan abubuwa. Na ce to madalla, na ɗauko allura. Sai ya ce in dakata. Ya waiwaya ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya rage murya.

"Malama, maganar nan a nan za ta tsaya?"

Na ce a nan za ta tsaya.

Ya ɗaga hular kaɗan. Tsakiyar kan fayau, sai wasu 'yan gashi sababbi tsilli-tsilli kamar gero ya fara tsiro.

"Ta uwargida ce," in ji shi. "Ba ta san ina ɗiba ba. Tana ta zargin yara."

Na kwance igiyar, na ce ya ajiye alewar, ya dawo Laraba ta sama.